Madobiya: 'Yar'uwar Wake Da Ke Neman Ƙarewa

Idan aka tambayi ɗalibi dangin wake, nan da nan zai ce gyaɗa da gurjiya da waken soya. Daidai ne. Amma akwai manyan itatuwa a cikin wannan dangi, irin su ɗorawa da gawo da tsamiya. A darasin nan za mu duba ɗaya daga cikinsu, wato madobiya, wadda masana suke kira Pterocarpus erinaceus.

Yadda Ake Gane Ta

Madobiya itaciya ce ta dazuzzukan Afirka ta Yamma, tsayinta yakan kai mita 12 zuwa 15. Da rani, sa'ad da ta zubar da ganye, takan yi fure rawaya mai yawa. Kwanson 'ya'yanta faffaɗa ne, zagayayye, da tsinke-tsinke a tsakiya kamar bayan bushiya. Kalmar erinaceus ma da Latin bushiya take nufi. In an sari ɓawonta, sai jan ruwa ya fito kamar jini.

Amfaninta

Kamar wake, saiwoyinta suna da ƙananan ƙulli inda wasu ƙwayoyin halitta suke ɗauko sinadarin naitirojin daga iska, su ƙara wa ƙasa ƙarfi. Makiyaya suna sassabo ganyenta don shanu lokacin da ciyawa ta ƙare. Ana rini da magani da jan ruwanta. Katakonta kuwa ja ne, mai nauyi, gara ba ta cinsa da sauƙi.

Abin Da Ya Same Ta

Kyan katakon nan shi ya jawo mata masifa. A shekarun 2010 'yan kasuwa suka yi ta sayensa suna kai wa ƙasar Sin don yin kujeru da gadaje masu tsada. A Jihar Taraba, inda masu sara suke kiranta "Madrid", an kwashe manyan itatuwa tirela bayan tirela. A 2017 yarjejeniyar duniya ta CITES ta sa ƙa'ida a kan cinikinta. A 2018 ƙungiyar IUCN ta sa ta cikin itatuwan da ke fuskantar ƙarewa, kuma a shekarar nan aka dakatar da Nijeriya daga fitar da ita. Inji yakan kada itace cikin 'yan mintuna, amma kafin wani ya girma sai an yi shekaru da dama.

Aikinmu

A Farawa 2:15 mun ga cewa aikin farko da Allah ya ba mutum shi ne kula da gona. Mu wakilai ne, za mu kuwa ba da lissafi. Saboda haka, ɗalibai, in kun je hutu ku tara 'ya'yan madobiya, ku jiƙa irin cikin ruwa kwana ɗaya, ku shuka a leda. Bayan dasawa ku yi mata shinge saboda awaki, ku share kewayenta saboda gobarar daji.

Tambayoyi

1. Ta yaya madobiya take taimakon ƙasar noma?
2. Me ya sa ta yi ƙaranci?
3. Tambayi wani dattijo a garinku inda madobiya take a dā, ka je ka ƙirga nawa suka rage.