Mai Saye da Mai Sayarwa: Wa Ya Kamata Shari'a Ta Kama?

Maganar da za mu duba yau mai nauyi ce, mutane kuwa ba su son faɗinta a fili, watau zancen karuwanci. Amma abin da kunya ta hana a ambata a cikin ikilisiya ana aikata shi da dare a bayan gari, har ma da waɗansu da ke zama tare da mu ran Lahadi. Saboda haka ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe.

1. Asalin gardamar

Tun dā, a ƙasashe da yawa, in hukuma ta tashi yaƙi da karuwanci, mace take kamawa. Ita ake kai wa gaban alƙali, a ci ta tara, a kore ta daga gari. Namijin da ya biya kuɗi kuwa sai ya saɓa rigarsa ya koma gida, da safe a gaishe shi da girma.

A Ingila, cikin shekarun 1864, 1866 da 1869, aka kafa dokoki saboda ciwon sanyi da ya yi yawa cikin soja. A garuruwan bariki da na jiragen ruwan yaƙi, 'yan sanda suka sami iko su kama kowace mace da suka zarga, a duba jikinta tilas, in an same ta da cuta a kulle ta a asibiti. Mazan da suke zuwa wurinta kuwa dokar ba ta taɓa su ba. Wata mai bi, Josephine Butler, matar wani malamin ikilisiya, ta tashi ta yi ta yawo gari gari tana cewa wannan ma'auni biyu ne, Allah kuwa ba ya son ma'auni biyu. Aka zage ta, aka tsananta mata, ba ta fasa ba, har aka soke dokokin a 1886.

2. Hanyar Suwidin

Ran 1 ga Janairu, 1999, ƙasar Suwidin ta soma aiki da wata doka da ta juya al'amarin. Bisa ga wannan doka, wanda ya ba da kuɗi domin ya kwana da wani shi ne mai laifi. Wadda ta karɓa ba ta da laifi a gaban shari'a. Dalilin masu dokar shi ne, ba a cin kasuwa sai da mai saye, kuma yawancin matan da ke cikin wannan hali talauci ne, ko wulakancin da aka yi musu tun suna yara, ko maƙaryatan dillalai suka jefa su ciki. Suka ce a tsorata mai saye, kasuwa ta mutu, masu safarar mata su rasa riba.

Norwe da Aisland suka bi wannan hanya a 2009, Kanada a 2014, Ayaland ta Arewa a 2015, Faransa a 2016, Jamhuriyar Ayaland a 2017. A Faransa ana cin mai saye tarar Yuro 1,500, in ya sake a ci shi har 3,750. Dokar ta kuma soke laifin tsayawa a bakin hanya neman maza, ta yi alkawarin taimako ga wadda take so ta fita, har da takardar zama ta wata shida ga baƙuwa. Gwamnatin Suwidin ta sa aka yi bincike, a 2010 masu binciken suka ce karuwancin bakin hanya ya ragu da kamar rabi tun da aka kafa dokar.

3. Abin da masu ƙin dokar suke cewa

Kada ka yi zaton duk wanda ya ƙi wannan doka mai son fasikanci ne. A cikinsu akwai likitoci, da masu kare hakkin ɗan Adam, da mata da yawa waɗanda su kansu suke cikin sana'ar. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ya kamata a ji su.

Suna cewa, in mai saye yana tsoron ɗan sanda, sai ya ja mace zuwa lungu mai duhu inda ba mai jin kukanta. Ba ta da sauran lokacin da za ta dubi fuskarsa ta gane ko mugu ne. In masu saye suka ragu, yunwa ba ta raguwa. Sai ta karɓi wanda dā za ta ƙi, ta yarda da abin da zai sa mata cuta. Suna cewa kuma, ko da doka ta ce ba ta da laifi, 'yan sanda ita suke bi domin su kama namijin, mai gida ya kore ta don kada a ce yana cin kuɗin karuwanci, in baƙuwa ce a mai da ita ƙasarsu. Game da binciken Suwidin kuwa suka ce, kasuwar ta bar bakin hanya ne ta koma waya da intanet, inda ba mai iya ƙidaya ta.

Waɗansu ƙasashe suka bi wata hanya dabam. Holan ta halatta gidajen karuwai a 2000, Jamus ta mai da abin sana'a a gaban doka a 2002, Niyu Zilan ta ɗauke hukunci daga mai saye da mai sayarwa duka a 2003. Ƙungiyar Amnesty International ta goyi bayan ɗauke hukunci a 2016. Masu goyon bayan Suwidin kuwa suna amsa musu cewa, inda aka buɗe ƙofa kasuwa takan faɗaɗa, dillalai su yi arziki, a riƙa kawo 'yan matan ƙasashen matalauta domin a cika ta.

Mutum 261 masu wannan sana'a a Faransa suka kai ƙara kotun hakkin ɗan Adam ta Turai. Ran 25 ga Yuli, 2024, kotun ta yanke cewa dokar Faransa ba ta keta hakkinsu ba, gama ƙasashen Turai ba su zama baki ɗaya a kan maganar ba, kowace tana da ikon zaɓen hanyarta. Amma ta ce wajibi ne hukuma ta riƙa duba abin da dokar take jawowa. Ka ga ke nan gardama ba ta ƙare ba.

Kada kuma ka ce wannan zancen Turawa ne. Da yawa cikin matan da ke tsaye a titunan Italiya da Faransa 'yan Nijeriya ne, yawancinsu daga jihar Edo, waɗanda aka bi da su ta Agadas, aka ƙetare hamada zuwa Libiya, aka ɗora musu bashi mai yawa da rantsuwar tsafi. Abin ya kai har Sarkin Bini, Oba Ewuare na Biyu, ya warware waɗannan rantsuwoyi a fili cikin watan Maris na 2018. Kowace doka aka kafa a can, a jikin 'ya'yanmu take sauka.

4. Abin da Maganar Allah take koya mana

Ka buɗe Littafin Farawa, sura 38, ka karanta labarin Yahuza da surukarsa Tamar. Mijinta ya mutu, Yahuza ya hana ta hakkinta, ya bar ta a gidan ubanta ba mai kula da ita. Wata rana yana tafiya Timna wurin sausayar tumakinsa, ya ga mace a bakin hanya ta rufe fuska, ya zaci karuwa ce. Ya yi ciniki da ita a kan ɗan akuya, ya bar mata hatiminsa da igiyarsa da sandansa jingina. Bayan kamar wata uku aka gaya masa Tamar tana da ciki. Nan da nan ya ba da umarni a fito da ita a ƙone ta. Sai ta aika masa da kayan jinginar. Mai saye ya hau kujerar alƙali, sandansa ya tone shi, har ya furta da bakinsa cewa ta fi shi gaskiya.

Shari'ar Musa a kan zina ta ɗora hukunci a kan namiji da mace duka biyu. Duk da haka, a Bisharar Yohanna, sura 8, malaman Attaura da Farisiyawa suka kawo wa Ubangijinmu mace ita kaɗai, suka ce an kama ta tana cikin aikin. In an kama ta cikin aikin, ina namijin? Ubangiji ya mai da tambayar a kan lamirin masu riƙe da duwatsu, suka watse ɗaya ɗaya. Bai kira abin da ta yi daidai ba, gama ya umarce ta ta rabu da zunubi, amma ya ba ta ranta da hanyar sabon zama. Manzo Bulus kuma, sa'ad da ya rubuta wa Korintiyawa a kan wannan magana, mazan da ke zuwa wurin karuwai ya tsauta wa, ya tuna musu jikinsu na Almasihu ne.

Ni ma da nake rubuta maka ba ni da bakin fahariya. A wata ikilisiya da na yi aiki, aka kawo maganar wata gwauruwa mai 'ya'ya uku, wadda aka ce tana karɓan maza saboda kuɗi. Muka zauna da dattawa, muka sa ta ƙarƙashin horo, aka hana ta Jibin Ubangiji, ta koma bencin baya. Ba wanda ya tambayi sunan namiji ko ɗaya, ko da yake mun san biyu daga cikinsu. Ba wanda ya tambayi abin da 'ya'yanta suke ci. Ni ne na rubuta hukuncin a littafi, na kuwa yi shiru domin ina tsoron manya. Ba a yi wata biyu ba ta kwashe yaranta ta tafi birni, ban sake jin labarinta ba. Laifi tudu ne, mun taka namu mun hango nata.

5. To, me za mu yi?

A kan dokar ƙasa, masu bi na gaskiya suna iya rabuwa. A ganina, dokar da ta kira mai saye da sunan laifinsa ta fi tsohuwar hanya adalci nesa. Amma in ta kori masu saye, ba ta ba macen abinci da ɗaki da sana'a ba, ta ƙara mata wahala ke nan. Saboda haka ka auna kowace doka da wannan tambaya: bayan an kafa ta, matalauciyar nan ta fi samun tsaro, ko kuwa ta fi shiga haɗari?

Amma a kan tafiyarka ba gardama. In kai namiji ne, ka sani kuɗin da ka miƙa ba ya mai da haram halal. Yunwar 'yar wani ka saya, ka ci amanar matarka, watakila kuma ka kai mata cuta har ɗaki. Ko ƙasa ta hana ko ta bari, akwai Alƙalin da sandanka yake hannunsa. In ka taɓa faɗuwa, ka tuba yau, ka nemi wani dattijo mai tsoron Allah ka gaya masa, ka je asibiti a gwada jininka domin iyalinka.

In kai dattijon ikilisiya ne, kada ka yarda a yi shari'ar mace ba a kira namiji ba, ko ɗan wane ne. Ku duba gwauraye da marayu tun kafin yunwa ta kai su bakin hanya. Wadda ta komo, matan zumunta su karɓe ta, a ba ta jari ko a koya mata ɗinki, kada a riƙa tuna mata da baya. In wani ya zo ƙauyenku da alkawarin aiki a Turai ga 'yan mata, ku bincika ƙwarai, in kun ga alamar ruɗi ku kai magana ga hukumar NAPTIP, wadda aka kafa a 2003 domin yaƙi da safarar mutane.

Tambayoyi domin nazari

1. Me ya bambanta dokar Suwidin da ta Niyu Zilan?
2. Waɗanne dalilai ne matan da kansu suke bayarwa na ƙin a hukunta mai saye?
3. Don me Yahuza ya ce Tamar ta fi shi gaskiya?
4. A ikilisiyarku, wa aka sa ƙarƙashin horo a kan fasikanci cikin shekarun nan, wa kuma aka ƙyale?

Addu'a

Ya Ubangiji, Mai ganin abin da ake yi a ɓoye, ka gafarta mana ma'auninmu biyu. Ka tsarkake zukatan mazanmu, ka tsare 'ya'yanmu mata a gida da baƙunci, ka ba masu mulki hikimar kafa dokoki na adalci. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.