Yadda Ake Gina Lofe na Yumɓu

A ƙasar Gwandu yau sai ka zaga kasuwa tun daga rumfar masu goro har ta mahauta ba ka ga mai zuƙar lofe ba. Sigari ya kore shi, musamman tun da aka buɗe masana'antar taba a Zariya a 1959, kara ɗaya ya zama abin da ake saya da canjin aljihu. Amma taba ta riga sigari zuwa ƙasar nan da ɗaruruwan shekaru. Tun a 1607 Ahmad Baba na Tumbutu ya yi fatawa a kanta, wasu malamai suka saɓa masa, kuma har gobe ba a rufe zancen ba. Baturen nan ɗan Jamus, Barth, wanda ya sauka a Gwandu a 1853 zamanin Sarki Halilu, ya rubuta cewa tabar Katsina har a Tumbutu tana da daraja. A duk tsawon wannan zamani, wanda ba ya tauna garin taba ko shaƙa shi, da tukunyar taba yake sha, kuma galibi maginin tukwane ne ke gina ta.

Aikin yana farawa daga bakin fadama. Irin laka mai danƙo da ake samu a kwarin gulbi wajen Kalgo, inda ruwa ke kwanciya da damina ya janye da rani, ita ake nema. Ana haƙo ta daga ƙasa-ƙasa, a bar ta saman da ke cike da saiwar ciyawa. A shanya ta bushe ƙarau, a daka a turmi, a tankaɗe. Yumɓun randa yana jure tsakuwa, na lofe ba ya jurewa, domin ƙwayar tsakuwa ɗaya a bango mai sirantaka ta isa ta tsaga shi a wuta. Sai a zuba ɗan garin tsingaro mai laushi, a kwaɓa da ruwa, a cuɗa har iska ta fita, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma ya kwana.

Washegari magini zai gutsuri abin da zai cika tafin hannu ya mulmula, ya lanƙwasa shi ya fitar da kai da wuya. Kan shi ne tukunyar da za a ɗura taba. Yakan soka ɗan itace mai kaurin babban yatsa yana juyawa a hankali har rami ya yi zurfin gaɓa biyu. Bangon kada ya yi kauri ya yi nauyi a baki, kada kuma ya yi siriri ya ƙona yatsa. Gindin a daddale shi, don lofen ya iya zama a ƙasa kusa da tabarma ba tare da ya kife ba.

Nan ake gane gwani. Za a ɗauki tsinke siriri, a jiƙa shi, a soka ta wuya har ya ɓullo cikin ramin tukunyar, kuma dole ya fito daidai gindin ramin. In ya ɓullo sama, tabar da ke ƙasa ba za ta ci wuta ba, sai ta jiƙe ta yi ɗaci, mai sha yana ja yana jin ƙarar ruwa. In ya nutse ƙasa da yawa, ya rage naman gindi, ranar gashi nan zai fashe. Magini ba ya ganin tsinken yana tafiya cikin laka. Yakan sa ɗan yatsa cikin ramin yana jiran ya ji tsinin ya taɓo shi. Wasu sukan bar tsinken a ciki har lakar ta fara ƙarfi, suna ɗan murza shi lokaci-lokaci kada ya kama. Daga nan a faɗaɗa bakin wuyan inda sanda za ta shiga, a ɗan ƙara masa faɗi fiye da yadda ake so, tunda yumɓu yana tsukewa in ya bushe.

Idan ya sha iska ya yi tauri amma bai bushe ba, sai a kankare shi da wuƙa, a yi masa zane da tsinke ko da igiya, a goge shi da santsin dutse ko da 'ya'yan kuka har ya yi sheƙi. Wannan gugar tana toshe ƙofofin fatar yumɓun. Bushewa kuwa a inuwa ake yi, kwanaki, nesa da iskar hunturu mai tsaga komai.

Ba a hura wa lofe wutarsa shi kaɗai. Ranar gashin tukwane ake cusa su cikin wata babbar tukunya, a jera kara da busasshen kashin shanu da ciyawa, a cinna. Tukunyar tana kare su daga harshen wuta da nauyin abin da aka ɗora. Mai son baƙin lofe sai a ciro shi da zafinsa a binne cikin ƙaiƙayi, hayaƙi ya shige shi, ko a yayyafa masa ruwan makuba ko na bagaruwa ya yi duhu mai ƙyalli. In ya huce a ƙwanƙwasa da farce. Mai ƙara siririya ya gasu, mai ƙara a dushe yana da tsaga ko bai nuna ba. A ƙarshe a toshe bakin da tafin hannu a busa ta wuya, a ji ko iska na zurarewa ta wani wuri.

Saura sanda. Gora siririya ko reshe mai laushin ciki ake samu, a gasa waya ta yi ja a huda. Tsawonta da amfani: yumɓu yana ɗaukar zafi da sauri, doguwar sanda ce ke sanyaya hayaƙin kafin ya kai harshe. A naɗa zare ko ƙyalle a bakin da zai shiga wuyan don ya kama gam. Mai hali yakan kai wa baduku ya sa mata rigar jar fata.

Turawa ma da farin yumɓu suka fara, a Ingila da Holan, kuma matsalarsu ɗaya da tamu: zafi da saurin fashewa. Maganin da suka samo a tsakiyar ƙarni na 19 shi ne biraya, wani kullutu da ke fitowa tsakanin saiwa da gindin wata ƙaramar bishiya a ƙasashen bakin Bahar Rum, irin su Italiya da Girka da Aljeriya da tsibirin Kosika. Sai bishiyar ta shekara talatin ko fiye kullutun ke isa aiki. Ana yanka shi gunduwa-gunduwa, a dafa cikin ruwa sa'o'i da yawa don fitar da ƙaro, a ajiye watanni ya bushe kafin a kai ga injin sassaƙa. Garin Saint-Claude a Faransa da wannan sana'a ya yi suna. Biraya ba ya saurin cin wuta, ba ya ƙona hannu, ya faɗi ba ya fashewa. Aibinsa shi ne yana riƙe ɗanɗanon tabar jiya, kuma yana shan danshi, sai an bar shi ya huta kwana ɗaya ko biyu. Shi ya sa masu shi ba sa tsayawa kan guda ɗaya.

Mirsham kuwa, wanda shi ma ake yin lofe da shi, farin ma'adini ne mara nauyi da ake haƙowa a rijiyoyi kusa da Eskişehir a Turkiyya. In an jiƙa shi yana yankuwa kamar sabulu, don haka masassaƙa ke fitar da kan sarki mai rawani ko ƙafar mikiya riƙe da ƙwai. Bayan sassaƙa a busar, a tsoma cikin narkakken kakin zuma. Da shekaru farin yakan rine ya koma ruwan zuma, ya koma ja-ja, kuma wannan rinin masoyansa ke alfahari da shi. A gaskiya abin da ya rina dutsen shi ne abin da ke shiga bakin mai sha. Babu itace ko dutse ko laka da ke tace dafin taba, kuma kansar baki da ta maƙogwaro ba ta tambayar da me aka yi lofen. Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa mutum fiye da miliyan 7 da taba ke kashewa kowace shekara.

In dai ana maganar kayan aiki ne kawai, ni na yumɓu nake bai wa gaba. Abin da ake yabon mirsham da shi, wato shan danshi da rashin gauraya ɗanɗanonsa da na taba, gasasshen yumɓu yana yi, a kan kuɗin da bai kai na ƙwaryar fura ba. Masu haɗa taba a Turai da yawa har yanzu da lofen yumɓu suke gwada sabon haɗi saboda wannan dalili. Ya kuma fi su sauƙin gyara. Biraya in ya toshe sai an bi shi da wuƙa ana kankare gawayin cikinsa a hankali, mirsham ko ruwan zafi ba ya so. Na yumɓu zare sandar kawai ake yi, a tura kan cikin garwashin murhu bayan an sauke tuwo, a bar shi har wutar ta mutu. Da safe duk baƙin man da ya taru ya ƙone, sai a busa tokar a mayar da sanda.