Yadda Za Ka Gyara Tashin Motar Tsere da Kyamarar Wayarka

A tseren mota na miƙaƙƙen layi, irin wanda ƙungiyar NHRA ke shiryawa a Amurka, tsawon fili galibi mita 402 ne, amma mita 18 na farko ne ke raba gardama. In taya ta yi sulɓi a nan, an bar ka.

Ba abokinka waya ya tsaya daga gefe, ya ɗauki tashin motar da bidiyo mai tafiyar hawainiya, hoto 240 a daƙiƙa. Sai ka duba:

1. Da ka taka totur, nauyi baya yake komawa. In tayoyin baya ne ke ja, sassauta shokar gaba ta yadda hancin motar zai ɗaga.
2. In na gaba ne ke ja, ƙara wa sifirin na baya tauri, kada nauyi ya gudu daga kansu.
3. Taya na juyawa a banza? Rage mata iska kaɗan, ka sassauta ƙafa.

Canza abu ɗaya a kowane gwaji, ka rubuta sakamakon. A filin tsere kawai ake wannan. Gwada shi a titin gari ganganci ne da rayukan jama'a.