Noman Sitiroberi Ɗan Yuni a Lambun Gida

Sitiroberi ɗan itace ne ja mai zaƙi da ɗan tsami, wanda ƙwayoyin irinsa ke manne a jikin fatarsa ta waje. Baƙo ne a ƙasar Hausa, shi ya sa ba shi da suna na asali sai na aro. Irin da ake nomawa a yau ya samu ne a Faransa cikin ƙarni na 18, sakamakon barbarar wasu jinsuna biyu, ɗaya daga Arewacin Amurka, ɗayan kuma daga ƙasar Chile. A Nijeriya an fi saninsa da Jos, musamman ƙauyen Chaha da ke kusa da Vom, inda tsayin ƙasa ya sa ake samun sanyi kusan duk shekara.

Ma'anar Sunan

Masana sun kasa sitiroberi gwargwadon abin da ke sa shi fure. Akwai wanda bai damu da tsawon yini ba, akwai kuma wanda ba ya ƙulla fure sai yini ya gajarta, yanayi ya yi sanyi. Wannan na biyun shi ake kira ɗan Yuni, domin a Turai da Arewacin Amurka yakan ƙulla furensa da kaka, ya kwanta cikin hunturu, sannan ya zuba 'ya'ya gaba ɗaya a wajejen watan Yuni. Chandler, wanda Jami'ar Kalifoniya ta fitar, yana cikin wannan rukuni.

To amma sunan na iya yaudarar mai lambu a Samaru ko Sabon Gari. Zariya tana kusa da tsakiyar duniya, don haka yininta ba ya kai awa 13 ko da wane wata ne. Ke nan sharaɗin gajartar yini a cike yake kullum. Abin da ya rage shi ne sanyi, kuma ba a samunsa sosai sai daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Saboda haka ɗan Yuni a Zariya ɗan hunturu ne. Wanda ya bi abin da aka rubuta a takardar iri, ya dasa a Maris yana jiran Yuni, zafin bazara zai ƙone masa shukar, abin da ya tsira kuma ganye da yaɗo kawai zai yi.

Dashe da Kulawa

Ba a cika shuka ƙwayar ba. Uwar takan miƙa yaɗo, a gaɓarsa sabuwar shuka ta yi saiwa, ita ake cirewa a dasa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen damina, wajen Oktoba, domin saiwa ta kama kafin sanyi ya sauko. Yana son ƙasa mai sauƙi wadda ruwa ba ya kwanciya a cikinta, a gauraya ta da takin gargajiya da ya ruɓe sarai. Ɗanyen kashin kaji ƙona shi yake yi. A gidajen haya irin na PZ, inda tsakar gida siminti ne, buhu ko tsohon bokiti da aka huda gindinsa ya wadatar. Idan a komi ne, a bar tazarar kimanin santimita 30. Kada a dasa inda aka cire tumatir ko attarugu, domin akwai cutar yaushi da suke tarayya a kanta, kuma takan daɗe cikin ƙasa.

Wurin da aka fi yin kuskure shi ne zurfin dashe. Tsakanin saiwa da ganye akwai wani guntun kututture, daga nan ganye da fure ke fitowa. In aka binne shi ya ruɓe, in aka bar saiwa a waje ta bushe. Dole ya zauna daidai da fuskar ƙasa.

Saiwarsa ba ta nisa, iskar hunturu kuwa busar da ƙasa take yi, don haka ban-ruwa kaɗan-kaɗan kullum da safe, a gindi, ya fi a malale shi sau ɗaya a mako. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa don 'ya'yan kada su taɓa ƙasa, amma a riƙa ɗaga ta ana duba gara. Duk yaɗon da ya fito lokacin fure a tsinke shi, saboda ƙarfin shukar yake janyewa. Daga buɗewar fure zuwa nuna kimanin wata guda ne. Ba ya ƙara zaƙi bayan an cire shi, don haka sai ya yi ja gaba ɗaya ake tsinka, kuma tsuntsaye ma wannan ranar suke jira; tsohon gidan sauro yana maganinsu.

Da shigowar Maris a mayar da buhunan ƙarƙashin inuwa, a ci gaba da ba su ruwa. Waɗanda suka rayu za su yi yaɗo da damina, daga nan ne irin baɗi zai fito.

Auna Fahimta

Me ya sa sunan ɗan Yuni bai dace da yanayin Zariya ba? Ƙirƙiro wa wannan iri sunan Hausa, tare da kawo hujja.