Ka Gama Hidimar Ƙasa: Ina Za Ka Nemi Aikin Ƙwararru?

Duk shekara jami'o'in Zariya, Kano, Maiduguri da Sakkwato suna yaye injiniyoyi, akantoci, lauyoyi da masana kwamfuta. Da yawansu, da an gama hidimar ƙasa, sai su koma gida su zauna jiran gwamnati ta buɗe ɗaukar ma'aikata. Wannan zaman jiran yana damuna matuƙa, domin aikin yana nan, sai dai ba a raba shi daidai tsakanin yankuna ba.

Yawancin hedikwatocin bankuna da manyan kamfanonin binciken kuɗi a Legas suke. Abuja ta ma'aikatu ce da ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa. Injiniyan mai da iskar gas kuwa, Fatakwal da Warri ne gidansa, sai kuma matatar Ɗangote da aka ƙaddamar a Lekki a 2023. In fanninka a can yake, ɗan'uwa, ka shirya tafiya. Kakanninmu da ƙafa suka yi fataucin goro har Gwanja.

A Arewa, aikin ƙwararru yawanci da kwangila yake zuwa, da ita kuma yake tafiya. Dubi bututun iskar gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, da aka soma a 2020, ko layin dogo na Kano zuwa Maraɗi. Kada ka tsaya aika takarda ga babban kamfani kaɗai. Ka je bakin aikin, ka binciko ƙananan 'yan kwangilar da aka yanka wa wani ɓangare, su ne ke neman mai safiyo da mai gwajin ƙasa da siminti. Amma ka shiga da sanin cewa akwai ranar ƙarewa. Matasan da suka dogara ga ƙungiyoyin agaji a Maiduguri sun ji a jikinsu a 2025, lokacin da Amurka ta zabtare tallafinta. Tun kana ciki ka riƙa tanadi, kuma kada ka bar wurin ba tare da takardar shaidar abin da ka yi ba.

Wannan takardar za ta yi maka rana wajen rajista. Digiri kaɗai ba ya ba ka ikon sa hannu a zanen gini ko rahoton kuɗi. Injiniya sai da rajistar COREN, akanta sai da ICAN ko ANAN, mai safiyo sai da SURCON. Shi ya sa nake ganin gara ƙaramin albashi a ƙarƙashin ƙwararre mai rajista, da babban albashi a inda babu wanda zai shaide ka.

Inda na fi so ka zuba ido shi ne kasuwa. A kasuwannin Kantin Kwari, Singa da Dawanau da ke Kano akwai 'yan kasuwar da ke juya miliyoyi, amma lissafinsu bai wuce littafi ɗaya da yaron shago ba. Sababbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025 za su sa da yawa neman mai tsara musu takardu. Alhaji ba zai buɗe wa baƙo sirrin dukiyarsa ba, amma zai buɗe wa ɗan gida mai jin yarensa, wanda ya san iyayensa. Ka fara da shago biyu ko uku, ka yi musu rajistar kamfani, ka tsara shige da ficen kaya, ka riƙe amana. Su da kansu za su kai ka ga maƙwabtansu. Haka injiniyan lantarki: matsalar wuta ta sa asibitoci, makarantu da masu noman rani suna komawa ga sola, kuma ba kowa ya iya lissafin batir da inbata daidai ba.

Ke kuma 'yar'uwa da aure ko iyaye suka hana ki nisa, aikin kwamfuta daga gida ya dace da ke. Shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 yana koyar da irinsa. Kafin ki karɓi aikin kowa, ki tanadi ƙaramar sola da layin waya biyu, domin wanda ya ba ki aiki daga Legas ba zai karɓi uzurin ɗauke wuta ba.