Yaris ko 206: Abin Dubawa Kafin a Biya Kuɗi

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kasuwar ƙananan motoci ta buɗe, kuma tambayar da aka fi yi mini ita ce: Toyota Yaris ko Peugeot 206? In aljihu zai ɗauka, Yaris nake zaɓa. Sai dai ba kowace Yaris ba.

Injinta, mai lita 1.0 ko 1.3, da sarƙa yake aiki, ba bel ba, don haka in ana canza baƙin mai a kan kari yana daɗewa bai nemi bakanike ba. Matsalar tana wurin giya. Wasu da aka shigo da su daga Turai suna ɗauke da giyar MMT, wadda a ido kamar otomatik take, alhali kuloci ne a ciki, kwamfuta ke taka shi. In ta fara fizga ko ta koma N a tsakiyar cunkoso, masu iya gyaranta kaɗan ne, kayanta kuma da tsada. Ka nemi mai giyar hannu ka huta. Vitz kuwa, tagwaiyarta ta Japan, sitiyarinta a dama aka ƙera shi. In ka gan shi a hagu, juya shi aka yi, kuma ban yarda da wannan ɗinkin ba.

Ita 206 ta fi araha, kayan gyaranta ko'ina akwai. Amma bel ɗin injinta in ya tsinke, sai an buɗe kan injin, don haka ka canza shi ranar da ka saya, kome rantsuwar dillali. Tsaya a bayanta ka dubi tayoyin baya: in samansu ya karkata ciki, gatarin baya ya ci. Mai giyar otomatik, AL4, bar ta inda ka gan ta.

Kowacce ce, je da sassafe, injin na sanyi, ka tayar da shi da kanka. Buɗe murfin baƙin mai. In ka ga wani abu fari-fari kamar madara, wataƙila gaskit ya ƙone. Kar lambar kilomita ta ruɗe ka, ana mayar da ita baya. Roban birki da sitiyari sun fi ta faɗin gaskiya. Sannan ka gwada lambar shasi da ta takardun kwastam, harafi bayan harafi, kafin ka ba da ko kafin alƙalami.