Darasi: Abin da Ido Ya Saba Gani, Shi Zuciya Take Koya

Karatu: Farawa 1:27, 2 Sama'ila 13:1-22, Matiyu 5:27-28

'Yan'uwa cikin Kristi, tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011, samari da 'yan mata daga sassan ƙasar nan suke zuwa karatu a garinmu, waɗansunsu kuwa tare muke yin Misa ran Lahadi. Saboda su ne za mu taɓa wata magana mai nauyi a baki, wato hotuna da fina-finan batsa. A dā mai neman su sai ya ɓoye fuska ya je shagon hayar kaset. Yau wayar da muka saya wa ɗanmu don karatu ita take kawo su har bisa katifarsa.

Saurayi yakan ce, "Kallo kawai nake yi, wa na cuta?" Bari mu duba.

A 1982 waɗansu masana biyu a Amurka, Dolf Zillmann da Jennings Bryant, suka buga sakamakon gwajin da suka yi da ɗaliban jami'a. Mako shida ana nuna wa waɗansu fina-finan batsa, waɗansu kuwa fina-finan da ba na batsa ba. Daga baya aka ba su labarin wata shari'ar fyaɗe, aka ce kowa ya yanke wa mai laifin ɗauri. Samarin da suka fi kallon batsa suka yanke kusan rabin abin da waɗanda ba su kalla ba suka yanke. Laifin bai sāke ba, idonsu ne ya sāke. A 2016 kuma Paul Wright da abokan aikinsa suka tattara bincike 22 daga ƙasashe 7, suka iske kallon batsa yana tafiya tare da cin zarafin mata, da baki ko da ƙarfi. Ba kowane mai kallo yake zama mai fyaɗe ba, amma kallon yana rage nauyin hawayen mace a zuciyar namiji.

Dalilin a fili yake. A cikin waɗannan fina-finai mace ba ta da suna, ba ta da iyaye, "a'a" ɗinta ba ya tsayar da kowa. Wanda ya kwana yana koyon haka, da wane ido zai dubi abokiyar karatunsa da safe? Littafi Mai Tsarki ya ba mu misalin Amnon, wanda sha'awa ta rufe masa ido har ya manta Tamar 'yar'uwarsa ce. Da ya ɓata ta, sai ya ƙi jininta, ya sa aka kore ta. Shi ya sa Ubangijinmu Yesu ya koya mana cewa zina takan soma tun daga duban sha'awa.

Katekisman Ekklesiyar Katolika na 1992, a lamba 2354, ya kira batsa babban laifi, domin tana zubar da darajar masu yin ta, da masu sayar da ita, da masu kallo. A 2021 gwamnan Jigawa ya sa hannu a dokar hana cin zarafin jama'a. Amma doka takan zo bayan ɓarna. Tarbiyyar ido aikinmu ne.

Iyaye maza, kada kunya ta hana mu zama da 'ya'yanmu kafin su koma makaranta. Ƙungiyar ɗalibai Katolika, NFCS, ta sa wannan batu cikin taronta. Saurayin da ya shiga tarkon kada ya fid da zuciya: ya je wurin Fada ya furta zunubinsa, ya share abin da yake cikin wayarsa, ya fita daga rukunin da ake tura su, ya daina kwana da waya a hannu, ya nemi amintaccen aboki mai tambayarsa gaskiya.

Tambayoyi don tattaunawa:
1. Yaya muke maganar mata idan ba su nan?
2. Idan abokai suka tura mana hoton batsa, me muke yi?
3. Yarinyar da aka ci zarafinta, wa za ta samu cikin ikkilisiyarmu ya saurare ta?

Allah ya tsarkake idanunmu, mu ga kamanninsa a fuskar kowace mace. Amin.